MALAMI A JIRGIN RASHIN NAUYI: KO KWALLIYA TA BIYA KUƊIN SABULU?

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, sun kuma ce gani ya kori ji. Waɗannan karin magana guda biyu su ne hujjar da akan kafa a duk lokacin da za a ɗauki malamin makaranta a kai shi wani wuri domin ya gane wa idonsa abin da ya saba karantawa a littafi. Mutanen Amurka sun kai wannan ra'ayi matuƙa, domin tun daga shekarar 1985 suka fara sa malaman firamare da na sakandare a cikin jiragen da ke raba mutum da nauyin jikinsa, ya riƙa yawo a sarari tamkar audugar rimi, da nufin in sun sauko su gaya wa ɗalibansu abin da suka ji a jikinsu.

Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba ko wannan ɗawainiya tana da amfani ga ɗalibin da aka bari a aji. Ra'ayina shi ne tana da amfani, amma fa da sharaɗi. Sharaɗin kuwa shi ne malamin ya komo da bayani na gaskiya a kan abin da ya faru da shi, domin rashin nauyi yana daga cikin 'yan wuraren da ido ke yaudarar mai shi. Wanda ya tsaya ga abin da ya gani kawai zai koyar da kuskure, yana kuma rantsuwa cewa da idonsa ya gani.

Yadda Ake Samun Rashin Nauyi

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, ba sai an bar duniya ake samun rashin nauyi ba. Jirgin sama irin na fasinja ake samu, a cire yawancin kujerunsa, a lulluɓe cikinsa da katifu. Idan ya kai tsayin ƙafa 24,000 sai matuƙi ya ɗaga hancinsa, ya durfafi sama a karkace da iyakar ƙarfi. A wannan lokaci wanda ke ciki zai ji nauyinsa ya kusa ninkawa: mai kilo 60 zai ji kamar ya kai kilo 108, har ɗaga hannu ma sai ya zama aiki. Daga nan sai matuƙi ya rage wutar inji, ya bar jirgin ya bi irin hanyar da dutse ke bi idan yaro ya jefa shi sama, watau ya hau, ya lanƙwasa a wajen ƙafa 32,000, sa'an nan ya juyo ƙasa.

Dutsen da aka jefa, da zarar ya bar hannu, babu abin da ke juya shi sai jan da ƙasa ke yi masa, ko yana hawa ko yana sauka. To, haka jirgin yake a wannan tsakani na wajen sakan 25. Shi da mutanen ciki da kayansu duk suna hannun jan ƙasa, suna bin hanya ɗaya da sauri ɗaya. Daɓen jirgi ya daina tokare ƙafar mutum, tun da shi ma daɓen tafiya yake yi yadda ƙafar ke yi. Abin da muke ji a jiki muna kira nauyi kuwa, ai wannan tokarewa ce ta ƙasa ko kujera ko tabarma. Da ta ɗauke, sai mutum ya ji shi sakayau. Kafin a ce haka matuƙi ya sake ɗago hancin jirgi, kowa ya koma kan katifa da nauyi ninki.

Ana maimaita wannan hawa da sauka kamar sau 15 a tafiya guda. Jirgin Faransa da ke tashi daga birnin Bordeaux don masu bincike yakan yi har sau 31. Matuƙi yana iya sassauta lanƙwasar domin mutane su ji irin nauyin da za su ji a kan wata, watau kashi ɗaya cikin shida na nauyinsu, ko na duniyar Mars, wajen kashi ɗaya cikin uku. In aka tara duk lokacin da malami ya yi ba nauyi a tafiya irin ta farko, ba zai wuce minti shida ko bakwai ba. Ba kuma kowa ke sauka lafiya lau ba, domin gaɓar da ke cikin kunne mai gaya wa mutum ina ne sama ina ne ƙasa takan rikice, ta saɓa wa abin da ido ke gani, sai tashin zuciya ya biyo baya. Saboda haka ne ma aka yi wa tsohon jirgin Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Amurka, NASA, laƙabi da jirgin amai.

Labarin Malamai Biyu

A shekarar 1984 Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwar cewa farar hula na farko da Amurka za ta aika sararin samaniya a wannan shiri malamin makaranta ne zai zama. Malamai fiye da 11,000 suka nema. A watan Yuli na 1985 aka zaɓi Malama Christa McAuliffe, mai koyar da tarihi da zaman jama'a a makarantar sakandare ta garin Concord a jihar New Hampshire, aka kuma zaɓi Malama Barbara Morgan, malamar firamare daga jihar Idaho, ta zama madadinta in wani abu ya hana ta tafiya. Su biyun sun yi horo a cikin wancan jirgi na rashin nauyi, suna gwada darussan da za a koyar daga sama.

Ya kamata a lura da cewa Malama Christa ba malamar kimiyya ba ce. Abin da ya fito da ita daga cikin dubban nan shi ne iya bayani. Ta shirya darussa biyu da za a watsa kai tsaye ga makarantu, da wasu gwaje-gwaje da za a ɗauka a majigi, a kan maganaɗisu da dokokin motsi na Newton da yadda kumfa ke yi a cikin ruwa inda babu nauyi. Ta kuma yi niyyar rubuta littafin abin da ta gani kullum, kamar yadda matan da suka ƙetare Amurka a keken doki suka yi a ƙarni na 19.

Ba ta samu ta koyar da ko ɗaya ba. A ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse sakan 73 bayan tashinsa daga Florida, mutum bakwai da ke ciki duk suka rasu. Yara masu yawa suna kallo a talabijin a cikin azuzuwansu, saboda malama ce ke ciki. Kwamitin bincike ya gano cewa wani zoben roba da ke toshe mahaɗar ɗaya daga cikin rokokin ne ya sandare saboda tsananin sanyin safiyar, wuta ta sami kafa. Ya kuma gano cewa akwai injiniyoyin da suka yi gargaɗi tun daren jajibere, aka ƙi saurarensu.

Malama Barbara ta koma ajinta a Idaho ta ci gaba da koyarwa. A 1998 aka ɗauke ta horo a matsayin cikakkiyar 'yar sama jannati, a watan Agusta na 2007 kuma ta tashi a cikin kumbon Endeavour, shekara 21 bayan rasuwar abokiyar aikinta, ta yi kusan kwana 13, ta amsa tambayoyin ɗalibai daga can. Darussan Malama Christa kuwa sai a 2018 aka ɗauke su a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, a hannun Joe Acaba da Ricky Arnold, waɗanda su ma tsofaffin malaman makaranta ne.

Tun da shiga kumbo ba ya yiwuwa sai ga mutum ɗaya cikin dubbai, sai aka koma ga jirgin. Daga 2006 wata gidauniya ta kamfanin Northrop Grumman ta ɗauki nauyin sa malaman lissafi da kimiyya a jirgin Boeing 727 na kamfanin Zero Gravity, kuma a 'yan shekarun da shirin ya yi malamai fiye da dubu sun shiga. Kafin malami ya tashi sai ya zauna da ɗalibansa su tsara gwajin da zai yi, ya tafi da shi, a ɗauki hotonsa, ya komo da sakamako. A wannan shekara ta 2006 ne kuma wata ɗalibar sakandare daga Ile-Ife, Stella Felix, ta shiga irin wannan jirgi a Florida.

Inda Ido Ke Yaudara

Yanzu sai mu zo ga zuciyar magana. Malami ya sauko, ya tara ɗalibai, ya nuna musu majigi: ga shi yana juyi a iska, ga ruwa ya fita daga gora ya dunƙule kamar ƙwallo, ga alewa tana yawo ana kamawa da baki. Yara suka yi shewa. Sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa?" Amsar da ke kusa da harshe ita ce, "Ai a can babu jan ƙasa." Wannan amsa ita ce ido ya bayar, kuma ba gaskiya ba ce.

A tsayin ƙafa 32,000 jan ƙasa bai ragu da abin a zo a gani ba. Fasinjan da ke tafiya Jidda a wannan tsayi yana zaune daram a kujerarsa, shayinsa na cikin kofi. Kai, ko a tashar sararin samaniya, wadda ke da nisan wajen kilomita 400 daga doron ƙasa, jan ƙasa yana nan da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfinsa. Da babu shi, da tashar ta miƙe ta ɓace. Abin da ke faruwa shi ne tashar faɗuwa take yi ba dare ba rana, amma tana gudu a kaikaice da saurin wajen kilomita 28,000 a awa, saboda haka gwargwadon yadda take faɗowa, gwargwadon yadda doron duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinta. Sai ta yi ta kewaya duniya, sau ɗaya a kowane minti 90, ba ta taɓa isowa ba. Mutanen cikinta kuwa tare da ita suke faɗuwa.

A nan ne nake ganin amfanin aika malami ya fito. Mai kallon majigi ya ga shawagi. Wanda ya shiga jirgin kuwa ya ji abin da majigi ba ya nunawa: ya ji nauyin da ya danne shi kafin nan, ya ji ƙarar inji ta ragu, ya ji hanjinsa ya taso kamar yadda yake yi idan mota ta haura tudu da gudu ta gangara. Jikinsa ya gaya masa faɗuwa yake yi. Malamin da ya haɗa wannan shaida ta jiki da abin da ke cikin littafi zai iya tsayawa gaban aji ya ƙaryata majigin da shi kansa ya kawo, kuma yara su yarda, domin sun san ya je. Albert Einstein ya ba da labarin cewa tunanin mutumin da ke faɗowa daga kan soro, wanda ba zai ji nauyin kansa ba, shi ne ya buɗe masa hanya a 1907 zuwa ga babban nazarinsa a kan jan ƙasa. Abin da shi ya kai gare shi da tunani, an ba malamin ya ɗanɗana da jikinsa har sau goma sha biyar. In ya komo da labarin alewa kawai, ya yi asarar tafiya.

Kuma me ya sa malami, ba masanin kimiyya ba? Masani yana rubuta wa 'yan'uwansa masana ne. Malami kuwa sana'arsa ke nan ya mai da abu mai wuya ya zama magana mai shiga kunnen ɗan shekara goma sha biyu, kuma zai maimaita ta ga sabon aji kowace shekara har ya bar aiki. Minti shida na malami ɗaya na iya wadatar da ɗalibai na shekara ashirin.

Abin da Masu Suka Ke Cewa

Masu suka suna da maganganu uku, kuma babu ta yarwa a cikinsu.

Ta farko ita ce hatsari. Sun ce an sa malama a kumbo don neman suna da farin jinin jama'a, aka nuna wa duniya kamar tafiyar ta zama irin ta shiga motar haya, alhali ba haka ba ne. A kan Challenger suna da gaskiya, ba na kuwa ganin akwai darasin da ya kai ran mutum bakwai. Sai dai laifin na waɗanda suka toshe kunne ga gargaɗi ne. Jirgin rashin nauyi kuwa ba roka ba ne, jirgi ne mai fiffike da ke tashi ya sauka a filin jirgi kamar kowane.

Ta biyu ita ce kuɗi. Kujera ɗaya a irin wannan jirgi dubban daloli ce, kuɗin da zai sayi kayan gwaji ga makaranta sukutum. Wannan ma haka ne, kuma ƙasar da ɗalibanta ke zaune a ƙasa ba ta da hujjar fara wa da jirgi. Amma inda akwai halin yi, ina ganin kayan gwaji a hannun malamin da bai fahimci abin da yake gwadawa ba, ƙura kawai za su sha a kabad.

Ta uku ita ce niyyar masu biya. Kamfanin da ya ɗauki nauyin malaman nan kamfanin ƙera jiragen yaƙi ne, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa yana bukatar injiniyoyin gobe. Ruwa ba ya tsami banza. Duk da haka, dokar faɗuwar dutse ba ta san wanda ya biya kuɗin jirgi ba. Abin da ke wuyan malami shi ne ya tabbata darasi ya kawo wa aji, kada ya zama mai tallan kamfani.

Kalmomin da Za a Yi Bayanin da Su

Tun da duk amfanin tafiyar ya rataya ne a kan bayani, to, dole mu ɗaliban harshe mu tambayi kanmu, da waɗanne kalmomi malami zai yi wannan bayani da Hausa? A nan akwai gyara.

Sau da yawa akan ji ana kiran jan ƙasa da sunan "maganaɗisun ƙasa". A ganina wannan suna yana ɓad da yaro. Maganaɗisu ƙarfe yake ja, ba ya jan itace ko ruwa ko mutum, yana kuma iya tunkuɗe ɗan'uwansa. Ƙasa kuwa komai take ja, ba ta tunkuɗe komai. Bugu da ƙari, duniya tana da nata maganaɗisu na haƙiƙa, wanda ke juya allurar kamfas, kuma shi wani abu ne dabam. In muka ba abu biyu suna ɗaya, mun dasa rikici a kan ɗalibi tun daga firamare. "Jan ƙasa" ya fi sauƙi, ya kuma fi gaskiya.

Ita ma kalmar "nauyi" an yi mata lodi da yawa. Muna ɗaukar nauyin iyali, muna jin nauyin surukai, muna nauyin baki da nauyin barci. Wanda aka ce da shi ba ya jin nauyi, zagi ne aka yi masa. A fagen kimiyya kuma kalmar tana ɗauke da abu biyu da ya wajaba a raba: yawan abin da jiki ya ƙunsa, wanda ba ya canzawa ko a kan wata, da kuma dannawar da jiki ke yi wa abin da ya tokare shi, wadda ita ce ke ɓacewa a cikin jirgin. Buhun gero da ke shawagi a jirgin nan bai rasa ko ƙwaya ɗaya ba, kuma in ya taho da gudu ya bugi mutum sai ya ji a jikinsa. Ina ba da shawarar a bar "nauyi" ga ma'ana ta biyu, a nemo wa ta farko suna nata, ko da "ƙunshin jiki" ne. Shi kuma yanayin da ake kira rashin nauyi, da za a riƙa haɗa shi da "sakakkiyar faɗuwa", da sunan kansa ya yi rabin bayanin. Wannan shawara ce ta ɗalibi, malamanmu masana ƙirƙirar kalmomi su ne da yanke hukunci.

Da kalmomin sun zauna, malamin da bai taɓa ganin cikin jirgi ba ma yana iya cin moriyar tafiyar wanda ya je. Duk wanda ya taɓa jan ruwa ya san cewa idan igiya ta kuɓuce, guga cike da ruwa ba shi da nauyi a hannu har sai an cafke igiyar. Yaron da ke kan lilo ya san yadda cikinsa ke yi idan ya kai ƙarshen sama. Ga kuma gwajin da ba ya cin ko kwabo: a sami gwangwani a huda shi a gefe kusa da gindi, a cika shi da ruwa. Muddin yana hannu, ruwa zai yi ta tsartuwa. A hau kan tebur a sake shi, sai tsartuwar ta tsaya cak har ya isa ƙasa, domin ruwa da gwangwani tare suke faɗuwa, ruwan ya daina danna bangonsa. Abin da ya faru a cikin gwangwanin nan na ɗan ƙiftawar ido shi ne abin da ke faruwa a cikin jirgin na sakan 25, shi ne kuma ke faruwa a tashar sararin samaniya shekara da shekaru.

Kammalawa

A taƙaice, na yarda a aika malami, in akwai hali kuma an kiyaye ransa. Amma kada a auna nasarar tafiyar da yawan hotuna ko shewar yara. A auna ta da tambaya guda: bayan malam ya gama ba da labari, shin ɗalibi zai iya faɗa da bakinsa, da harshen da ya fi ji, dalilin da ya sa mutum ke shawagi alhali ƙasa ba ta daina jansa ba? In ya iya, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. In kuwa abin da ya riƙe shi ne "a sama babu jan ƙasa", to, an kashe dubban daloli an sayo masa kuskuren da zai iya samu kyauta. Darussan Malama Christa sun jira shekara 32 kafin a koyar da su, kuma da aka tashi, malamai 'yan'uwanta aka nema su yi. Wannan ya isa ya nuna mana ko wane ne ya kamata a danƙa wa irin wannan aiki, da kuma girman abin da ake jira daga gare shi in ya komo aji.